Lissafin iskar da injina ke shaƙa ya ba ni kashi 68 cikin 100: injin ne ya gaji ko kuwa?

Mai Farar Mota ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina roƙon waɗanda suka san harkar inji su duba min wani lissafi kafin in amince a kwance min injin motata.

Motar mai fetur ce, silinda huɗu, lita 2.4, ba ta da tobo (na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji), giyarta ta hannu ce. Tana tashi lafiya, sulo ɗinta ba ya rawa, ba ta hayaƙi, fitilar inji ma ba ta kama ba. Matsalar ba ta fitowa sai na zo wuce babbar mota ko hawa tudu. Idan na taka totur har ƙasa tana ja da kyau zuwa wajen juyi 3,500 a minti, daga nan sai ta yi nauyi, ƙara na ta ƙaruwa amma gudun ba ya bin ƙarar kamar yadda na san ta a da. An canja filogi, an canja matatar iska, an wanke nozul, babu abin da ya sauya. Bakaniken da ke duba min ita ya ce injin ne ya gaji, sai an kwance. Mutum ne da nake ganin girmansa, amma kwance inji ba ƙaramin abu ba ne, kuma raina ya fi son in ga hujja a lamba tukuna.

Ina da 'yar ƙaramar sikana irin ELM327 ɗin nan da ake sokawa a ramin OBD, inda ake karanta kwamfutar mota, ta haɗu da waya. Abin da na fahimta shi ne ana iya gane ko inji na shaƙar iska yadda ya kamata idan aka kwatanta iskar da ta shiga da wadda za ta cika silindodin taf. Ga yadda na bi. Inji mai bugu huɗu kowace silinda tana jan iska sau ɗaya ne a juyi biyu, kuma minti daƙiƙa 60 ne, don haka na ninka lita 2.4 da juyi 5,500 na raba da 120, na samu lita 110 a daƙiƙa. Na ɗauki nauyin iska a kan giram 1.225 kowace lita, ya ba ni kusan giram 135 a daƙiƙa. Amma sensar MAF, mai auna iskar da ke shiga inji, giram 92 ta nuna a daidai wannan juyin. Idan aka raba 92 da 135 kashi 68 ke nan cikin 100.

Sauran abin da sikanar ta nuna a lokacin: zafin iskar da ke shiga digiri 38, matsin iskar waje kilofaskal 95, layin lodin inji kuma ya tsaya a kashi 99. A giya ta ɗaya na yi gwajin, ina karanta abubuwa kusan goma a allo ɗaya.

Abin da ya ɗaure min kai biyu ne. Shin 68 na nufin maganar bakanike ta tabbata? Sannan ta yaya lodi zai nuna 99 alhali lissafina ya ce kusan kashi ɗaya cikin uku na silinda ba ya cika?

Injiniyan Gwaji ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Hanyar da ka bi daidai take, lita 110 ɗin nan babu gyara a ciki. Inda lambar ta kauce shi ne 1.225. Wannan nauyin iska ne a bakin teku, matsi kilofaskal 101.3, zafi digiri 15. Injinka bai shaƙi wannan iskar ba. Ya shaƙi iska mai zafin digiri 38 a matsin 95, kuma iska idan ta yi zafi ko matsinta ya ragu sai ta yi sakayau, lita ɗaya ta ɗauki giram kaɗan.

Ka riƙe wannan ƙa'idar: ka ninka matsi a kilofaskal da 3.484, ka raba da zafi a ma'aunin Kelbin, wato digirin da sikana ta nuna a ƙara masa 273. A naka, 95 sau 3.484 a raba da 311 ya ba da giram 1.064 a lita. Lita 110 ke nan ta zama giram 117, ba 135 ba. Raba 92 da 117 ka ga kusan kashi 79. Maki goma sha ɗaya ka samu ba tare da ka taɓa ko kusa ɗaya a motar ba. Kuma in za ka tabbatar da matsin, kada ka ɗauko na rahoton yanayi, domin shi an riga an mayar da shi kamar a bakin teku aka auna. Wanda kake buƙata shi ne na wurin da motar take tsaye, kuma yana raguwa da fiye da kilofaskal ɗaya kaɗan a kowane hawan mita 100.

To 79 fa, lafiya ce ko ciwo? Injin mota na yau da kullum mara tobo yakan kai tsakanin kashi 80 zuwa 90 a inda ya fi ƙarfin murɗa, wasu na zamani masu bawul huɗu a silinda su wuce haka. Amma lamba ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba, don cikar silinda tana sauyawa da juyi, kuma siffar sauyawar ita ce ke faɗar gaskiya. Dalili kuwa shi ne bawul ɗin shiga ba ya rufewa a lokacin da fistin ya kai ƙasa, sai fistin ya fara dawowa sama. An yi haka da gangan. A juyi mai yawa iskar da ke cikin bututu ta riga ta ɗauki gudu, tana ci gaba da kutsawa cikin silinda ko da fistin ya juyo. A juyi kaɗan kuwa iskar ba ta da wannan gudun, sai fistin ya koro wani ɓangare nata baya. Idan juyi ya yi yawa ƙwarai kuma, lokacin da bawul ke buɗe ya gajarce, ƙuncin hanya ya rinjayi komai, cikar ta sake faɗuwa. Shi ya sa a inji lafiyayye lambar takan fara ƙasa-ƙasa, ta hau ta kai ƙololuwa a tsakiya, a irin injinka wajen juyi 4,000, sannan ta sauko a hankali. Injinan tsere suna wuce kashi 100 ba tare da tobo ba saboda an auna tsawon bututun shiga da na fita yadda bugun matsin da ke kai da komo a ciki zai iso bakin bawul daf da rufewarsa.

Gwajin ka sake shi kamar haka. Ka nemi hanya miƙaƙƙiya mara cunkoso, wani ya riƙe maka wayar, idonka na kan titi. Ka sa giya ta uku, ko ta biyu in hanyar ba ta da tsawo, ka taka har ƙasa tun daga juyi 2,000. Giya ta ɗaya ba ta dace ba saboda irin wannan sikanar ɗaya bayan ɗaya take tambayar kwamfutar mota. Idan abubuwa goma kake karantawa, kafin ta dawo kan MAF juyin da ta rubuta ya riga ya wuce, sai ka raba iskar wani lokaci da juyin wani lokaci dabam. Ka bar uku kawai: juyi, MAF da zafin iska. Kada kuma ka yi gwajin bayan motar ta daɗe a tsaye tana sulo, domin zafin inji yana dafa sensar zafi ta nuna fiye da gaskiya.

Batun lodi 99, kada ya dame ka. Wannan layin an tsara shi ne ya kusanci 100 duk lokacin da aka buɗe totur gaba ɗaya, yana gaya maka ne injin na ba da iyakar abin da zai iya a halin da yake ciki. Akwai wani layin dabam, lamba 43 a jerin OBD, wanda ke raba iskar kowane ja da girman silinda a kan giram 1.184 a lita. In motarka tana bayar da shi, shi ne ya yi kusa da abin da kake lissafawa, sai dai bai san zafi da matsin ranar ba.

Tsohon Bakanike ya amsa:

Ɗana, ka ji bayanin Injiniya, ni kuma ga abin da hannu ya koya min.

Injin da ya gaji, wanda ringinsa suka cinye ko bawul ɗinsa ya ƙone, ba ya ɓoye kansa sai a juyi 3,500. Tun daga tashi za ka ji shi, ka gan shi a mai, ka gan shi a hayaƙi, sulo ya yi rawa. Kuma akwai agogon auna kwamfireshan, wato ƙarfin matsin cikin silinda, aikin ɗan lokaci ne, a cire filogi a auna silinda huɗun. In sun yi kusa da juna kuma sun kai abin da littafin motar ya ce, babu dalilin sa sifana a kan injin nan. Ka roƙi mai gyaranka ya yi wannan a gabanka, cikin ladabi, ba zai ƙi ba.

Abu na biyu shi ne wanda na fi so ka kula da shi. Duk lissafin nan naku a kan maganar sensa guda ɗaya ya tsaya. Idan lamba ta fito ƙasa, ko dai iskar ce da gaske ba ta shiga, ko kuma tana shiga sensar ce ba ta ƙirga ta. MAF ɗin yawancin motoci ɗan siririn waya ne da ake zafafawa, iska na wucewa tana sanyaya shi, kwamfuta ta gane yawan iskar daga wutar da ake ƙarawa don ya riƙe zafinsa. In ƙura ko maiƙo ya lulluɓe wayar, sai ta daina jin iska sosai, musamman idan iskar ta yi yawa. Haka kuma idan tiyon da ke tsakanin sensa da totur ya tsage a cikin lanƙwasarsa, iska za ta shiga ta bayan fage ba a ƙirga ta ba. Ka lanƙwasa shi da hannu ka leƙa ƙasansa, nan yake tsagewa.

Yadda za ka raba biyun: ka duba gyaran mai da kwamfuta ke yi, na ɗan lokaci da na dogon lokaci, ka haɗa su. Fetur yana son kashi 14.7 na iska a kan kashi ɗaya nasa. Idan sensa ta rage lissafin iska, kwamfuta za ta rage mai, sensar iskar oksijin da ke salansa ta ga mai ya yi kaɗan, sai kwamfuta ta riƙa ƙarawa. Za ka ga gyaran ya haura sama da kashi 10 cikin 100, yana ƙaruwa yayin da kake ƙara lodi in wayar ce ta yi datti, ko ya fi yawa a sulo in iska ce ke sata. Idan kuwa gyaran yana kusa da sifili amma cikar silinda ta yi ƙasa, to sensa gaskiya take faɗa, injin ne aka shaƙe.

Kuma shaƙewar ba lallai ta gaba ba ce. Mutane suna ta canja matatar iska suna mantawa da salansa. Wanda bai fitar da numfashin da ke ƙirjinsa ba, ina zai sa sabo? Katalis, wato abin da ke tace gubar hayaƙi a salansa, idan ya narke ko ya farfashe ya toshe, hayaƙi yana saura a silinda ya cinye wurin sabuwar iska. A ƙaramin juyi hayaƙin kaɗan ne, yana samun hanya. Juyi na ƙaruwa yana taruwa. Abin da ka kwatanta a farkon maganarka ya fi kama da wannan a kunnena.

Mai Farar Mota ya sake rubutawa:

Na gode Injiniya, na gode Baba, Allah ya saka da alheri. Na sake gwajin a giya ta uku, ƙanena na riƙe da waya, layi uku kawai a allo. Zafin iska ya tsaya a digiri 33, matsi 95, wanda ya ba ni giram 1.082 a lita.

A juyi 2,500 ya kamata a samu giram 54, MAF ta nuna 44, kashi 81 ke nan. A 4,000 ya kamata 86 da rabi, ta nuna 69, kashi 80. A 5,500 ya kamata 119, ta nuna 88, kashi 74. Wato ba ta hau ba ko kaɗan a tsakiya, saukowa kawai take yi tun daga farko, kuma ta fi zubewa a ƙarshe. Har ta yi ƙasa da 79 ɗin da Injiniya ya fitar daga gwajin giya ta ɗaya.

Gyaran mai, in an haɗa biyun, 2 ne a sulo, 3 a tafiya ta yau da kullum, 4 idan ina hawa tudu da rabin totur. Na kuma kalli sensar oksijin ta bayan katalis lokacin da na taka har ƙasa, wutar da take bayarwa ta tsaya a wajen bolt 0.88 ba ta faɗo ba. Tiyo na duba shi ciki da waje, lafiya lau. An auna kwamfireshan a gabana, silinda huɗun sun yi kusa da juna ƙwarai, bakaniken da kansa ya ce a dakata da maganar kwancewa. Hankalina ya kwanta da wannan sosai, don motar nan ina ji da ita.

Yanzu Baba, in tafi kai tsaye a ciro katalis ɗin ne?

Mai Saitin Kwamfuta ya amsa:

Kafin Baba ya dawo, bari in sa baki saboda masu karantawa da za su kwaikwayi wannan gwajin a motocinsu. Ba kowace mota ke da MAF ba. Wasu da sensar MAP suke aiki, mai auna matsin cikin manifol, wato bututun da ke rarraba iska ga silindodi. Irin waɗannan kwamfutarsu tana ɗauke da jadawalin cikar silinda da masu ƙera injin suka rubuta mata, a kowane juyi da kowane matsi, daga shi take ƙiyasta iskar. Wasunsu za su nuna maka giram a daƙiƙa a sikana, amma ƙiyasi ne daga wancan jadawalin. Idan ka yi lissafi da shi, jadawalin kawai ka mayar wa kanka, ko salansa ta toshe zai iya nuna maka lamba mai kyau. Mu masu saiti idan aka canja kamshaf (sandar da ke buɗe bawuloli) ko manifol, sai mun sa sensar oksijin mai faɗin awo, mu bi daga man da nozul ya fesa da haɗin da ya fito mu gano iskar da ta shiga, sannan mu gyara jadawalin gida-gida.

Masu tobo kuma su sani cewa idan suka yi amfani da matsin waje za su ga lamba ta wuce 100 nesa, kuma daidai ne, tura iskar ake yi. In suna son sanin yadda kan injin kansa ke shaƙa, matsi da zafin cikin manifol za su sa a lissafin. Masu motar haibirid, mai haɗa fetur da lantarki, su ma kada su tsorata da ƙaramar lamba, yawancin injinansu ana jinkirta rufe bawul ɗin shiga da gangan don a rage shan mai.

A naka Malam, ina ganin akwai abu guda da ba a ambata ba: ka tabbatar totur ɗin yana buɗewa har ƙarshe. Idan na waya ne, wayar takan saki. Idan na lantarki ne, ka karanta buɗewar farantin kansa a sikana, ba ta feda ba.

Injiniyan Gwaji ya sake amsawa:

Lambobin nan sun yi magana, Malam. Gyaran mai bai wuce 4 ba, kuma sensar baya ta nuna mai ya wadata a cikakken totur, inda kwamfuta ke daina gyara ta dogara da MAF kaɗai. Da sensar na rage lissafi da yawa, a nan ne haɗin zai tsinke ka ga bolt ya faɗo. Don haka na yarda da 74 ɗin. Bambancinsa da 79 kuwa jinkirin sikana ne a giya ta ɗaya, ta rubuta juyi sannan ta ɗauko iskar juyin da ya fi shi.

Amma kada ka ciro katalis tukuna, domin abu uku ne ke iya ba da wannan siffar ta saukowa: ƙunci a hanyar shiga, ƙunci a hanyar fita, ko taimin ɗin kamshaf da ya tsaya a gaba. Na ukun yana faruwa a injin da ke sauya lokacin buɗe bawul da matsin man inji. Idan abin ya maƙale a gaba, bawul na rufewa da wuri, injin ya yi kyau a ƙasa ya rasa numfashi a sama. Sai dai wannan yakan lalata sulo ya kuma kunna fitila, naka kuwa bai yi ko ɗaya ba, shi ya sa na sa shi a ƙarshe. In sikanarka na nuna kusurwar da kwamfuta ta nema da wadda kamshaf ya kai, ka kwatanta su.

Hanyar shiga a gwada ta da agogon bakyum, mai auna tsotson iska. Ka haɗa shi da manifol, ka yi irin gwajin da ka yi. A cikakken totur allurar ta kamata ta kwanta kusa da sifili har zuwa 5,500. Idan tana tashi yayin da juyi ke ƙaruwa, akwai abin da ke tare iska a gaba, ko farantin totur kamar yadda ɗan'uwa Mai Saitin Kwamfuta ya ce, ko wani abu a akwatin matata da bututunsa.

Idan ta kwanta, sai salansa. A cire sensar oksijin ta gaban katalis, a ɗaura agogon matsi a raminta. Abin da aka saba bi shi ne a sulo kada ya wuce wajen kilofaskal 10, a juyi 2,500 kada ya wuce wajen 20. Ka lura da abu ɗaya: toshewar taka ba ta kai ta kashe mota ba, rabi-rabi ce, don haka tana iya ɓuya idan motar na tsaye babu lodi, saboda hayaƙin da ke fita a lokacin kaɗan ne. In agogon bai nuna komai ba a tsaye, a ja tiyonsa mai jure zafi zuwa cikin mota a karanta shi ana tafiya a giya ta uku. A kuma auna bayan katalis, domin wani lokaci tukunyar salansa ta baya ce farantin cikinta ya karye ya tare hanya, ko bututu mai bango biyu ya lotsa ta ciki alhali waje lafiya.

Tsohon Bakanike ya sake amsawa:

Ka bi jerin Injiniya, ɗana, haka nake yi ni ma. In ya tabbata katalis ne, kada ka yarda a fasa cikinsa a mayar maka da fanko. Fitila za ta kama, hayaƙin da za ka riƙa bai wa na bayanka guba ne, kuma a ƙasashe da yawa doka ta hana. A sa sabo wanda ya dace da injin.

Sannan ka tambayi abin da ya kashe na farkon. Katalis ba ya narkewa haka kawai. Ko dai wata silinda ta daɗe tana fashin wuta ɗanyen fetur na zuwa yana ƙonewa a cikinsa, ko injin na shan man inji ko ruwan lagireto yana shafe ramukansa. Ka ce an canja filogi kwanan nan. Idan tsofaffin suna nan, ka ɗauko su ka duba bakinsu ɗaya bayan ɗaya, ka gaya min launin kowanne da silindar da aka ciro shi. In an gama aikin kuma ka sake gwajin giya ta uku a hanyar da ka yi na baya, ka kawo mana lambar 4,000 da ta 5,500.